Me ya kai shi sata? Tambayar da kotunanmu ba sa tsayawa su yi

Akwai wani yaro a layinmu da na sani tun yana goye. Shekaru huɗu da suka wuce, yana ɗan shekara 19, ya ɗauke ƙaramin janareto a shagon wani tela. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa tana kwance ba kuɗin magani, kuma a sanina bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba kafin ranar. Aka kai shi kotu, alƙali ya ce tara ko wata shida. Ba wanda ya iya biyan tarar. Ya shiga gidan yari yana sunkuyar da kai don kunya, ya fito da sababbin abokai da wuƙa a ƙugu. Yau in an yi ƙwacen waya a unguwar nan, sunansa ake fara kira. Raina yana ɓaci duk lokacin da na hango shi.

Jama'a, hukuncin da alƙali zai yanke yana rataye ne da amsar da ya bai wa kansa kan abin da ke sa mutum laifi, ko ya furta ko bai furta ba.

A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya ce da laifi ake haifar mai laifi, har yana auna ƙoƙon kai da muƙamuƙin fursunoni. A 1913 Charles Goring ya gwada fursunoni kusan 3,000 a Ingila da sauran mutane, bai ga wata siffa da ta ware su ba. Masana sun watsar da maganar, mu ne ba mu watsar ba. Har gobe za ka ji ana cewa "ai gidansu haka suke, a jini ne." Wanda ya yarda da haka ba ya ganin amfanin gyara, kullewa kawai ya sani.

Tun kafin Lombroso, a 1764, wani masanin Italiya, Cesare Beccaria, ya ce mutum lissafi yake yi kafin ya yi laifi, kuma abin da ke hana shi shi ne ya tabbata za a kama shi a hukunta shi ba tare da jinkiri ba, fiye da tsananin hukuncin. A nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Duk lokacin da ɗan daba ya soke wani a kan waya, Facebook ya cika da kiran a riƙa rataye su. Zafin ran gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma wane tsoron rataya zai ji, alhali ya san ubangidansa ɗan siyasa zai buga waya a sake shi kafin gari ya waye? Shi kuwa marar gata yana can yana ruɓewa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a ma ce sun yi laifi ba.

Robert Merton a Amurka, a 1938, ya kawo abin da muke gani da idonmu: al'umma ta koya wa kowa cewa darajarsa ita ce kuɗinsa, sannan ta rufe wa mafi yawa ƙofofin halal. Mu ne muke ba mai kuɗi sahun gaba ba tare da tambayar inda ya samo ba. Edwin Sutherland kuma ya ce laifi koyonsa ake yi a wajen waɗanda ake cuɗanya da su, kamar yadda ake koyon kowace sana'a. Kakanninmu sun riga shi: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To ina hikimar ɗaukar yaron da ya yi satar farko a zuba shi ɗaki ɗaya da ƙwararrun 'yan fashi har wata shida?

Abin da ya fi damuna shi ne, mun gaji wannan tambayar a addininmu muka ajiye ta. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa bayin wani mutum mai suna Haɗib sun saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba da umarnin yanke hannayensu, sai ya sake dubawa ya ce wa maigidansu yana ganin da yunwa yake barinsu. Mai raƙuma ya ce an taya ta dirhami 400 ya ƙi sayarwa, Umar ya sa maigidan ya biya 800. Ku lura, satar ta tabbata, kuma ba a zalunci mai dukiya ba. An bi sawun laifin ne har inda ya samo asali, aka ɗora nauyin a can. Haka kuma a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, da yunwa ta addabi Madina, bai zartar da haddin sata ba. Wa zai ce Umar mai sakaci ne da dokar Allah?

Kada a fahimce ni baibai. Talauci ba lasisin zubar da jini ba ne, kuma mafi yawan talakawa suna kwana da yunwa ba su taɓa kayan kowa ba. Wanda ya soke mutum don waya, a hukunta shi da gaggawa, kada wani babba ya sa baki. Wanda ya kwashe biliyoyin gwamnati kuwa ba yunwa ta kai shi ba, lissafi ya yi, don haka shi ya fi cancantar hukuncin da zai tsoratar da na baya. Amma shi ake zama da shi a sasanta, ya mayar da kaɗan ya tafi gida.

Doka ma ba ta ɗaure hannun alƙalai ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da ta 2019 wadda ta mayar da hukumar gidajen yari hukumar gyaran hali, duk sun tanadi hukuncin da ba na kulle ba: yi wa al'umma aiki, ɗaurin talala, sulhu da biyan wanda aka cuta. Da an tambayi yaron layinmu me ya kai shi, da an iya damƙa shi a hannun mai unguwa, ya yi wa telan aiki na 'yan watanni, wataƙila ya fito da ɗinki a hannu. Telan da bakinsa ya gaya mini bai taɓa neman a ɗaure shi ba. Janaretonsa yake so, kuma tun a ofishin 'yan sanda aka mayar masa da shi.