Ina Ayyukanku?

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa.

A birnin Faris, wajen shekarar 1833, an yi wani ɗalibi mai suna Firederik Ozanam, yana karatun shari'a a jami'ar Sorbonne. Shi da abokansa sukan yi muhawara da ɗaliban da suka juya wa addini baya, kuma yaron akwai kai, tarihin Ikilisiya a bakinsa yake. Rannan sai ɗaya daga cikin abokan gardamar ya ce masa: mun ji Ikilisiya ta yi abin kirki a da, to yau fa? Me kuke yi wa talaka? Maganar ta soke shi. An ce itacen da suka tanada don jin ɗumi a lokacin sanyi, shi suka ɗauka suka kai wa wani mabukaci. Ranar 23 ga Afrilu 1833, ranar da ya cika shekara 20, suka kafa abin da ya zama ƙungiyar St. Vincent de Paul mai taimakon matalauta, wadda har yau muke gani a majami'unmu. Sista Rosalie Rendu ce ta riƙa nuna musu lungunan da matalauta suke.

Wannan tambayar ta same ni a gida. Wata Lahadi bayan Misa mun tsaya ƙarƙashin bishiyar darbejiya muna ta jayayya a kan wata aya, kowa da Littafi Mai Tsarki a buɗe. Wata tsohuwa gwauruwa na zaune a bakin baranda, ƙafarta a kumbure, takalminta a hannu, tana jiran wanda zai rage mata hanya. Mu huɗu muna da babur. Sai da muka watse na ga ta kama hanya da sanda cikin rana tsaka. Na bi ta na ɗauke ta, amma kunyar ba ta bar ni ba har yau. Yakubu 2:17 na cikin ayoyin da na haddace tun ina ajin katekizim: bangaskiya in ba ayyuka, matacciya ce.

Kada wani ya ce na ce a rufe littafi. Ozanam bai bar karatu ba, har farfesa ya zama a wannan jami'ar kafin ya rasu a 1853 yana da shekara 40. Yesu ma ya yabi Maryamu 'yar'uwar Marta da ta zauna tana sauraronsa sa'ad da Marta ke ta ɗawainiya. Mai hidima ba tare da Maganar Allah ba yakan gaji, ya fara mita da gori.

Matasa, katikis, iyayenmu na Zumuntar Mata, a tambayi wanda aka kwana biyu ba a gani a coci ba. Wannan makon ni zan fara da gidan tsohuwar nan, da ɗan kwanon masara da maganin ƙafa. Mai son zuwa, mu haɗu bayan Misar safe.