Iya Word da Excel Ba Shi Ne Gyaran Kwamfuta Ba

Ma'aikatan ofis da dama na ɗauka tunda sun shekara suna aiki da Word da Excel, komawa gyaran kwamfuta abu ne na kwana biyu. Ba haka ba ne. Mai gyara sai ya san cikin na'urar, ya gane ko RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ce ta samu matsala, ko batir, ko Windows ce ke buƙatar a sake ɗorawa. Wannan sai an zauna gaban maigida, kamar masu shaguna a kasuwar Farm Centre ta Kano, an kwance an ɗaura. Takardar CompTIA A+ ma, wato shaidar ƙwarewa a gyara da kula da kwamfuta, sai an ci jarrabawa biyu ake samun ta. Amma kada ka raina abin da ofis ya koya maka, domin haƙuri da jama'a da ajiye bayanan aiki suna riƙe kwastoma.