Ciwon afendis ba ya jiran annoba ta lafa

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ba a jima ba likitocin tiyata a ƙasashe da dama suka lura cewa masu ciwon afendis sun ragu a asibiti, amma cikin waɗanda suka zo, masu zuwa bayan abin ya fashe sun ƙaru. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce zuwa sashen gaggawa ya faɗi da kashi 42 cikin ɗari a Afrilun wannan shekarar, idan aka gwada da na 2019. Wasu masu bincike na ganin ƙaramin kumburi ya lafa wa wasu da kansa a gida, kuma hakan na yiwuwa. Sauran kuwa tsoro ne ya zaunar da su.

Ni dai ina ɗora laifin a kan yadda aka isar da saƙon. An ce kowa ya zauna a gida, an kuma yi daidai. Abin da ba a faɗa da ƙarfi tun farko ba shi ne ciwon da bai kamata ya kwana a gida ba.

Afendis ɗan guntun hanji ne mai kama da yatsa a ƙasan ciki ta dama, kuma kusan mutum 7 cikin 100 zai gamu da kumburinsa a rayuwa, galibi yara da matasa. Ciwon kan fara a cibiya, ya gangaro dama. Yaro ya ƙi abinci, ya yi amai, ya kwanta ya naɗe ƙafa, ko tari ba ya son yi don yana soka masa. A wancan lokacin, uwa tana jin jikinsa da zafi sai zuciyarta ta tafi ga korona, ta ce a dakata a gani, kada a kai shi inda cutar take. Babban haɗarin shi ne idan ya fashe ciwon kan ɗan sassauta, gida a yi hamdala, alhali mugunya ta fara bazuwa a ciki. Daga nan aikin da ake sallamar mai shi cikin kwana ɗaya ko biyu ya koma doguwar jinya.

Su ma likitocin suna tsaka mai wuya. Gadaje sun cika, an kwashe masu ba da maganin barci zuwa ɗakin masu numfashi da na'ura. A Birtaniya, ƙungiyoyin likitocin tiyata sun ba da shawara a Maris 2020 cewa a yi taka-tsantsan da aikin huda ciki da kyamara, don gudun iskar da ake hura wa cikin ta yaɗa cutar, a kuma gwada magani inda ya yiwu. Ban ga laifinsu ba, domin yi wa mai korona tiyata a lokacin na da haɗarin gaske.

A daidai wannan lokacin ne aka ƙara sanin iyakar maganin kashe ƙwayoyin cuta a madadin tiyatar afendis, daga binciken da aka fara tun kafin annobar. Wani bincike mai suna CODA da ya gwada magani da tiyata, wanda aka wallafa a Oktoba 2020, a kan mutum 1,552 a Amurka, ya nuna maganin na iya tsaya wa da yawa, sai dai kusan 3 cikin 10 na waɗanda aka ba maganin an yi musu aikin cikin kwana 90, musamman masu ɗan dutse a afendis ɗin. A wani bincike a Finlan kuwa, kashi 39 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin ciwon ya dawo musu cikin shekara biyar.

A nan nake jin tsoron a yi wa labarin gurguwar fahimta, mutum ya sayi magani ya sha a ɗaki. Waɗancan marasa lafiya duk an duba su, an ɗauki hoton cikinsu, likita na bibiyarsu. Zaɓi tsakanin wuƙa da magani na wanda ya iso da wuri ne.

Don haka, duk tsarin da hukumomin lafiya ke tanada don annoba ta gaba, ya kamata ya ware ƙofa da ɗakin tiyata na gaggawa daban da na masu annobar. Sanarwar kulle ta ranar farko kuma ta ambaci ciwon ƙasan ciki ta dama da sunansa, ta ce mai shi ya taho asibiti a daren.