Ƙannena amare da angwaye, ku daina jin kunyar tukunyar gidanku

Assalamu alaikum ƙannena. Da ku nake, ku da aka ɗaura wa aure cikin 'yan shekarun nan, da ku da ake shirin ɗaura wa bayan sallah. Na san halin da ake ciki, kasuwar da kuke zuwa ita nake zuwa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur kuɗin mota ya tashi, komai kuma ya bi bayansa, daga barkono har gishiri. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabace ta, a shekarar ne kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, alhali buhun shinkafa ɗaya ya fi haka kuɗi. Hatsi ya ɗan sauko daga baya, alhamdulillahi, amma aljihu bai warke ba. Wannan ba ku kuka jawo ba, ba kuma zan ɗora muku ba. Faɗan da zan yi muku a kan abin da ke hannunku ne, wanda nake ganin kuna wasa da shi.

Kun tsiri jin kunyar abincin da aka raine ku da shi. Na ga gidan da amarya ta gama tuƙa tuwon dawa, miya na kan wuta, sai ga ƙawayenta sun yi sallama. Nan da nan ta rufe tukunya ta tura bayan ƙofa, ta ɗauki kuɗin cefanen gobe ta aiki yaro ya sayo soyayyiyar shinkafa a roba da lemon kwalba. Ƙawaye suka ci suka tafi, washegari aka tashi da rigima da maigida. Abin ya tsaya min a rai, don yarinyar nan ta iya tuwo, a hannun uwarta ta koya, amma an cusa mata cewa tuwo abincin wanda bai samu ba ne. Kullum ido na kan waya ana kallon farantan wasu, kaza a gefe, ƙwai a sama, ba a san cewa mai farantin ma ba kullum take cin haka ba. Sai a ɗauki albashin wata a ƙarar da shi cikin kwana goma wajen kwaikwayo, sauran kwanakin a bi mai shago da "rubuta, zan kawo".

Ku tsaya ku dubi miyar kukar da kuke rainawa. Kuka busasshiya ce, daddawa busasshiya, barkono busasshe, kifin ma busasshe. Ba ruwanta da firji, ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke, ba ruwanta da tsadar tumatir. Mutanen da suka tsara wannan girki sun san rani mai tsawo, sun san watan da rumbu ke yin ƙasa, shi ya sa suka gina abincinsu a kan abin da ke ajiyuwa. Yawancin masu cewa ba sa son miyar kuka, wadda aka yi da gaggawa suka sha, ruwa ya tafasa aka watsa kuka aka sauke. Ba haka ake yi ba. Ki daka daddawarki da albasa da citta da ɗan masoro da barkono su yi laushi, ki zuba a ruwa, ki ƙara dakakken wake kamar cikin hannu, ki gyara kifinki ki cire ƙaya ki saka. Sai ki bar tukunyar ta yi ta dahuwa har warin daddawa ya kwanta ya koma ƙamshi, waken ya narke. Nan ne sirrin, kuma nan ne ake gajen haƙuri. Bayan haka ki rage wuta ki riƙa barbaɗa kuka kina kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. In Allah ya hore ɗan man shanu, ki soya shi da albasa ki zuba a kai. Wallahi baƙon da aka ajiye wa wannan da tuwo mai laushi ba zai tashi yana neman shinkafa ba.

Kuma ba kuka kaɗai gare mu ba. Akwai busasshiyar kuɓewa, akwai karkashi, da damina ga ayoyo da yakuwa da rama da zogale kusan a ƙofar gida, da kaka ga kabewa a yi taushe. Ga dambu, ga faten tsaki, ga ɗanwake, ga burabusko, ga kwaɗon zogale da ƙuli. Garau-garau ɗin da ake yi wa kallon abincin 'yan makaranta, masana abinci sun tabbatar cewa haɗa hatsi da wake yana cike wa jiki abin gina shi da kowannensu shi kaɗai bai cika ba. Gidan da nama ya yi wa nisa, wake da gyaɗa da waken suya su ne namansa, kuma babu abin kunya a ciki.

Abu na biyu da ke cinye ku shi ne sayen ƙulli-ƙulli. Kullum da safe a aiki yaro: mai na ɗari biyu a leda, shinkafa gwangwani uku, tumatir kashi ɗaya. Kowane ƙulli da ribar mai shago a kansa, kuma haƙƙinsa ne, sai dai in kun tara abin da kuka biya a wata za ku ga kun sayi kwano ɗaya a kuɗin da ya kusa sayen ɗaya da rabi. Iyayenmu ba haka suke ba, da lokaci suke tafiya. Sabon hatsi na shigowa kasuwa da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin ya fi araha. Yana kuma kai wa ƙarshen tsada a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, kafin sabo ya fito. Wanda duk ke da ɗan hali, da kaka ake sayen masara da dawa da gero da wake. In kuɗinka bai kai buhu ba, ku haɗu ku uku ko huɗu, 'yan'uwa ko maƙwabta ko abokan aiki, mutum ɗaya ya je Dawanau in a Kano kuke, ko kasuwar ƙauye mafi kusa ranar da take ci, a sayo a raba da kwano. Matan da ke zubin adashe don anko, me zai hana a yi na hatsi?

Na san wani zai ce shi kullum yake fita ya samo, ba shi da albashin da zai tara. Gaskiya ne, kuma nauyinsa ya fi na kowa. Amma ranar da kasuwa ta yi kyau, a ƙara gwangwani biyu a kan na kullum a zuba a wata roba daban, kada a taɓa. Ranar da aka fita ba a samo ba, ita za ta rufa asiri.

Sai dai a kula da ajiya, don a nan wasu ke asara har da cutar da iyali. Kada ku kuskura ku zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a cikin waken da za ku ci, guba ce, ta kuma sha hallaka mutane. Ku shanya wake ya bushe ƙayau, ku zuba a jarka mai tsabta ku cika ta har wuya ku toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba, ko ku nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Ƙwaro in ya rasa iska mutuwa yake yi. Masara da gyaɗa kuma kada a ajiye su da danshi ko a ƙasan siminti. In sun yi fumfuna a tsince a zubar, don irin wannan fumfunar na illata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe dafinta.

Tumatir ma haka. Da sanyi zuwa farkon zafi, lokacin da na noman rani ke fitowa daga su Kadawa da Kura, kwando kan yi arha har ya riƙa ruɓewa a kasuwar 'Yankaba ta Kano. Da an shiga Mayu da Yuni kuma sai ya gagari kowa, duk shekara haka ake yi, duk shekara kuma sai mu yi kamar ba mu san zai zo ba. Ki saya lokacin arha, ki yanka, ki shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura, ki samu kauɗarki. Tattasai da attaruhu da kuɓewa duk suna shanyuwa. In lokacin tsada ya zo sai ki jiƙa a ruwan ɗumi ki markaɗa da albasa.

Wuta ma kuɗi ce, ko gas ko gawayi ko itace. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya cin wuta kamar wanda aka zuba a bushe, tukunyar da aka rufe ta fi buɗaɗɗiya saurin nuna. Tuwon dare a ƙara masa hannu don a samu ɗumame da safe, ya fi shayi da burodi riƙe ciki, ya kuma fi su sauƙi nesa ba kusa ba. Amma daidai ruwa daidai tsaki: mutum biyu ne a gida, a daina ɗora tukunyar mutum shida saboda haka aka saba gani a gidan iyaye. Ina jin ciwo in na ga shinkafa a kwata, a unguwar da wani ya kwana da yunwa. Allah ya ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) kuma ya umarci Abu Zarri cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa. In abinci ya rage, tun da zafinsa a miƙa wa maƙwabciya ko almajiri, kada a jira sai ya fara tsami sannan a tuna da su.

Yanzu na juyo gare ku angwaye, don kada ku zaci maganar mata ce kawai. Da yawanku kuna ajiye kuɗin cefane irin na shekara uku da suka wuce, ku sa kai ku fita, da dare ku dawo kuna tambayar ina nama. Ƙanena, yaushe rabonka da ka tsaya gaban mai kayan miya ka ji farashi da kunnenka? Ka karya a wurin mai shayi da Indomie da ƙwai biyu, da rana ka ci a gidan abinci, da dare ka tsaya wurin mai tsire kai da abokai, abin da ka kashe wa cikinka kai kaɗai ya ninka abin da ka bar wa mace da yara. Sannan ka buɗe kwano ka yamutsa fuska. Wannan zalunci ne, ko ba ka yi niyya ba. Ciyarwa a wuyanka take, kuma tsiren da ka ci a tsaye, da ka kawo kuɗinsa gida an sayi ƙashi ko kayan ciki, da kowa ya ɗanɗana romo.

Ka zauna da matarka a farkon wata, ka faɗa mata gaskiyar abin da kake samu. Ɓoye mata samunka shi ke sa ta zaci kana da shi kana hanawa. Ku ware na hatsi, na mai, na wuta, na cefanen kullum, ku tsara abin da za a ci a mako yadda ba za a maimaita abu ɗaya har a gundura ba. Ranar da ta yi maka tuwo da miyar kuɓewa ka ci ka ce Allah ya yi albarka, ka faɗa a gaban yara su ji. In abokanka sun zo, kai da kanka ka ce a kawo tuwon, ka fara sa hannu. Mace ba za ta daina jin kunyar tukunyarta ba muddin mijinta ne ya fara jin kunyar. Ku kuma samarin da ba ku yi aure ba, musamman masu zama a ɗakin haya saboda karatu ko aiki, koyon dafa wake da shinkafa ko dafa-duka ba zai rage muku komai ba, zai ma sa ku san darajar wahalar wadda za ku aura.

Yara su ne suka fi damuna a cikin wannan duka. Yaron da aka saba masa da taliyar leda da biskit da lemon roba tun yana rarrafe, ba zai karɓi tuwo yana ɗan shekara biyar ba, sai a ce ai shi ba ya ci. Ba ya ci ne don ba a koya wa harshensa ba. Ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano da muke antayawa ba awo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ma kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, mu kuma hawan jini ya cika mana gidaje. In daddawa ta ji a miya, dunƙule ɗaya ya isa inda ake jefa huɗu. Yaron da ya cika wata shida kuwa, ba dole sai abincin gwangwani ba. Ki soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, kowanne daban, geron ya fi yawa, ki surfe waken ki fece ɓawonsa, a niƙa su tare a tankaɗe. Ki ajiye garin a roba mai murfi, kullum ki ɗibi kaɗan ki dama masa kunu mai kauri ki bar shi ya dahu sosai, ki ci gaba da ba shi nono. In ya ƙara wayo ki fara lakata masa tuwo mai laushi da miyar da ba yaji, daga kwanon da kike ci.