Fasto Buru bai kauce hanya ba

Na karanta labarin nan na Fasto Yohanna Buru da yake raba wa Musulmi mabuƙata kayan abinci da azumi a Kaduna, kuma na ji daɗi ƙwarai. Abin da ya dame ni shi ne 'yan'uwana Kirista masu cewa wai neman suna yake, ko ya bar nasa da yunwa ya tafi ciyar da na waje.

'Yan'uwa, mu koma Luka sura 10. Da aka tambayi Yesu "wane ne maƙwabcina?", Basamariye ya kawo a misali, alhali Yahudawa ko hulɗa ba sa yi da Samariyawa. Wani mutum ne 'yan fashi suka yi wa duka suka yar a hanya. Firist ya wuce, Balawi mai hidima a Haikali ma ya ratse, sai wannan baƙon ya tsaya, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan mutumin, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya masa kuɗin masauki.

Na san akwai ciwo. Wasunmu sun binne 'yan'uwa a rikicin Kaduna na shekarar 2000, ba wanda zai ce su manta. Amma Fasto James Wuye hannu guda ya rasa a rikicin 1992, duk da haka ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma aka kashe masa malami da dangi, suka shafe shekaru suna sasanta al'umma, har Yelwan Shendam a jihar Filato.

Allah ya ƙara wa Fasto Buru ƙarfi. Limamai da fastocin Kaduna, don Allah ku yi koyi.