Awa huɗu a sujada, minti 12 a cikin Maganar Allah

Ran Lahadin da ta wuce na shiga sujada ƙarfe 8 na safe, ban fito ba sai ƙarfe 12. A cikin awa huɗun nan, minti 12 kacal aka yi Littafi Mai Tsarki yana buɗe. Na duba agogo, domin abin ya daɗe yana ci mini rai. Sauran lokacin ya tafi a baiko har sau uku, da sanarwar da ba ta ƙarewa, da kiɗan da aka ƙure wa lasifika har wata tsohuwa kusa da ni ta toshe kunnuwanta da hannu. Da mai wa'azi ya hau, aya ɗaya ya karanta, ya rufe littafin, ya koma kan buɗi da shuka iri, wato ba da kuɗi don a sami albarka.

Wallahi na gaji, 'yan'uwa. Shekara 11 ke nan da yi mini baftisma, amma har yau saurin fushina yana nan inda yake. Ni da ƙanena mun yi shekara biyu ba ma ga maciji. A wurin aiki kusan kullum sai an sa ni a gaba in rubuta abin da ba haka yake ba, in na ƙi a ce ina da taurin kai. Waɗannan su ne kayan da nake ɗauka a kai ina shiga majami'a da su, kuma da su nake fitowa, ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Wa zai koya mini yadda ake gafartawa alhali zuciya tana tafasa? Bulus ya lissafa albarkar Ruhu guda 9 a Galatiyawa 5:22-23: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Rabon da in ji an ɗauki ɗaya daga cikinsu an warware mana ita dalla-dalla, na manta. Amma motar da zan saya bana, an yi mini annabcinta ya fi sau goma.

Ba wai ina ƙin bayarwa ba ne. Ginin ikilisiya yana bukatar kuɗi, fasto ma yana da iyali, kowa ya san wannan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a tsaya a gaban jama'a ana kiran sunaye da abin da kowa ya yi alkawari, ana tafi, gwauruwar da ba ta da komai tana sunkuyar da kai. Yesu ya ce a Matiyu 6:3 kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. A Markus 12 kuwa, wadda ya yaba ita ce matalauciyar da ta zuba anini biyu. A 2 Korantiyawa 9:7 an ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya, ba a kan dole ba. Mu ne muke karanta ayoyin nan, mu ne kuma muke take su.

Da muna da nazarin Littafi Mai Tsarki ran Laraba da yamma. Ba mu fi mutum 15 ba, amma a nan ne mutum yake iya ɗaga hannu ya ce bai gane ba. An soke shi, aka mayar da ranar ta taron kwamitin gini. Na sami wani dattijon ikilisiya na ce, "Baba, yaushe za a dawo mana da nazarin nan?" Ya ce, "Ɗana, yi haƙuri, ai mutane ba sa zuwa." To mu 15 ɗin ba mutane ba ne? Yesu da ya ce inda biyu ko uku suka taru da sunansa yana tsakiyarsu, shi ne zai raina 15?

Sai kuma maganar shiru. Ko minti ɗaya ba a bari mutum ya natsu a gaban Allah. Ana gama waƙa sai ganga, ana gama ganga sai a ce kowa ya ɗaga murya. Iliya a Dutsen Horeb ya ga iska mai tsaga duwatsu, ya ga girgizar ƙasa, ya ga wuta, Ubangiji bai kasance cikin ko ɗaya ba, sai a wata 'yar murya ƙasa-ƙasa. Yana nan a 1 Sarakuna 19. Yesu kansa, in ji Markus 1:35, tun da sauran duhu ya tashi ya tafi inda ba kowa don ya yi addu'a.

Na san za a ce in karanta a gida. Ina karantawa. Amma ko mutumin Habashan nan na Littafin Ayyukan Manzanni, mai kula da baitulmalin sarauniya, da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimtar littafin Ishaya, cewa ya yi ina zai iya in ba wani ya fassara masa ba. Ibraniyawa 5:12 tana tsawata wa waɗanda ya kamata a ce sun zama malamai amma har yanzu madara suke sha. Laifina yana ciki, ban musa ba, amma mai kiwon ma a tambaye shi me yake ba tumaki.

Baba Fasto, a dawo mana da Laraba. In ɗakin taron ba zai samu ba, a ba mu benci biyu a bayan majami'a da malami ɗaya da zai buɗe mana wasiƙar Yakubu daga sura ta 1. Larabar nan ƙarfe 5 zan zo da littafina in zauna a bakin ƙofa.