In za a sake The Godfather, kada a ba wa sananne rawar Michael

Kwanakin nan hotunan da ake haɗawa da AI sun cika Facebook da TikTok. An ɗauko fuskokin jaruman Hollywood na yau an ɗora su a kan iyalan Corleone, gidan 'yan mafiya na fim ɗin The Godfather, sai a tambaye ka wa za ka zaɓa. Ga Leonardo DiCaprio a kujerar Don Vito, ga Timothée Chalamet cikin kakin soja a matsayin ɗansa Michael, ga Tom Hardy an ce shi ne Sonny, babban ɗan Vito. Wasan da daɗi, ni ma ina shiga a fafata da ni. Sai dai kusan kowa hanya ɗaya yake bi, wato ya tattaro manyan sunaye ya jera. A nan nake rabuwa da jama'a.

Abin da ake so a yi yanzu shi ne ainihin abin da darakta Francis Ford Coppola ya yi rigima don kada a yi a fim ɗin 1972. Kamfanin Paramount bai so Al Pacino a rawar Michael ba. Sun fi son irin su Robert Redford ko Ryan O'Neal, fuskokin da ke sayar da tikiti. Pacino a lokacin ɗan wasan dandamali ne a New York, gajere, shekarunsa talatin da 'yan kai, babban fim ɗaya kacal ya taɓa jagoranta. Coppola ya kafe sai shi. Kuma rashin saninsa da 'yan kallo suka yi shi ne rabin ƙarfin labarin. A wurin bikin Connie, ƙanwar Michael, ka ga wani saurayi mai kunya zaune a gefe da budurwarsa, ya dawo daga yaƙin duniya na biyu, yana nesanta kansa da harkar gidansu, sai ka yarda da shi har zuciyarka. Ba ka da wani dalilin zargin cewa wannan yaron ne zai fi ubansa rashin imani.

Ku tuna wurin cin abincin nan da Michael ya zauna da Sollozzo, wanda ya sa aka harbi ubansa, da ɗan sanda McCluskey. Ya fito daga banɗaki da bindigar da aka ɓoye masa, ya koma ya zauna maimakon ya harba nan take kamar yadda aka koya masa. Sollozzo na ta zuba, Michael ba ya jin komai. Idanunsa na yawo, ƙarar jirgin ƙasa na ƙaruwa, kana kallon mutum yana yanke wa kansa hukuncin da ba ya da komawa. Ka ba Chalamet wannan wurin, na san zai iya, yaron gwani ne kuma shekarunsa sun yi daidai. Amma mun riga mun gan shi a Dune yana ɗan sarkin da aka kashe masa uba ya rikiɗe ya zama abin tsoro. Da ya shigo bikin nan za mu ce to, ga magaji nan. Labarin ya mutu tun ba a je ko'ina ba. Masu kallon fim ɗin Indiya sun san abin da nake nufi: a Sarkar na 2005, da ka ga Abhishek kusa da Amitabh Bachchan ka san wanda zai gaji kujerar.

Rawar Vito kuwa, wadda aka fi yi wa gardama, ni ban ɗauke ta mafi wuya ba. Mutane na neman tsoho tukuf, sun manta Marlon Brando, wanda ya taka ta, yana da shekara 47 lokacin ɗaukar fim ɗin. DiCaprio na yau ya girme shi. Kwalliya ce da abin da aka sa masa a baki don kumatunsa su sauko, sai hasken mai ɗaukar hoto Gordon Willis da ke zubowa daga sama ya bar idanunsa cikin duhu. Abin da rawar ke buƙata shi ne mutumin da zai yi magana ƙasa-ƙasa yana shafa kyanwa, kowa a ɗakin ya yi tsit, kuma ka ji a ranka cewa wannan uba ne mai son 'ya'yansa da gaske. Javier Bardem zan ba wa. Tom Hagen kuma, lauyan gidan da Robert Duvall ya taka, na Jesse Plemons ne, ba na ma jayayya. Tom Hardy bai dace da Sonny ba. Shi fushinsa na ciki ne, na James Caan da ya taka rawar kuwa a fili yake, da dariya da zagi da faɗa duk a lokaci guda.

Wanda ba a cika sa shi a hotunan ba shi ne Fredo, yayan Michael, kuma a nan ne kowane jeri ke rushewa. John Cazale, wanda ya taka shi, fim biyar kaɗai ya yi kafin ciwon daji ya ɗauke shi a 1978 yana da shekara 42, kuma dukkan biyar ɗin sun shiga takarar Oscar ta fim mafi kyau. Ranar da aka harbi Vito a gaban mai sayar da lemu, Fredo ne tare da shi. Ya zaro bindiga hannunsa na rawa, ta suɓuce masa, maharan suka gudu, ya zube a bakin titi yana kuka yana kiran babansa. Babu jarumta ko ta anini a wurin, kuma Cazale bai nemi mu tausaya masa ba, ya bar mu da kunyar kawai. Wane tauraro na yau zai yarda a gan shi haka? Ana kawo sunan Kieran Culkin saboda rawarsa a shirin talabijin na Succession, amma Culkin yana da baki, in an taka shi zai rama da baƙar magana. Fredo ba shi da wannan makamin. Yaya ne da aka tsallake aka ba ƙanensa ragamar gida, ana aikensa yana murmushi alhali abin na cinsa. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san irin wannan yayan, kuma ya san ciwonsa ba ya fitowa da surutu.

Pacino da Cazale sun san juna tun kafin Coppola ya haɗa su. Sun yi wasan dandamali tare a New York a 1968, suna fama da neman na abinci. Wannan sabo ne ake gani duk lokacin da Michael ya kalli Fredo, musamman a kashi na biyu na 1974, inda zumuncinsu ya ƙare da jini.

Don haka jerina gajere ne. Bardem a kujerar Vito, Plemons a gefensa, Sonny a ci gaba da nema. Gurbin Michael da na Fredo kuwa na bar su babu suna. A aika masu zaɓen 'yan wasa ƙananan gidajen wasan kwaikwayo na New York, su nemo samari biyu da suka daɗe suna aiki tare, waɗanda ni da ku ba mu taɓa jin labarinsu ba.